Bango tsanwa a falo: amsa ga wata Hajiya daga Bobiyel

Tambaya: "Mun gama ginin gidanmu a Bobiyel, nan Yamai, saura fenti da kayan ɗaki. Ni ina son falo mai launi irin waɗanda nake gani a Instagram: bango tsanwa shar, kujeru ruwan lemo, labule ruwan ɗorawa. Maigida ya ce ba zai zauna a ɗakin da ya yi kama da ajin ƴan jardan ba, shi fari ko ruwan madara yake so. Surukata da ta zo daga Tawa ta ce wannan kwaikwayon Turawa ne, ba adon gidan mutunci ba. Ƙawayena ma sun rabu biyu. Kai da kake wannan sana'a, wa ya fi gaskiya? In kuma za a yi, yaya za a yi?"

Hajiya, a yi launin. Sai dai ukun nan da kika lissafa ba da ƙarfi ɗaya za su shigo ba.

Bari in fara da maganar Hajiya babba, surukarki, don ita ta fi sauƙin amsawa, ko da yake ba na ba ki shawarar ki tsaya musu da ita. Wata rana da hira ta yi daɗi, ki tambaye ta yadda ɗakinta yake ranar da aka kai ta. Da bakinta za ta zayyana miki: jere tun daga ƙasa har kusa da rufi, samira da langa da kumbo masu furanni ja da shuɗi da rawaya, tasoshi an goge su suna ɗaukar ido, gado mai rumfa da zannuwa a ninke, tabarmar Madawa mai ratsi, matasan fata irin na Buzaye. A nan Yamai sai a ƙara da tera-tera na Zabarmawa ko sakala a rataye a bango. Ban san ɗakin da ya kai na amaryar Bahaushe tara launi ba. Maza ma ba su zauna haka ba. Wanda ya taɓa zagaya unguwar Birni a Damagaram ya ga fuskokin gidajen da magina suka tayar wa zane, dagi da sauransu, aka bi zanen da launi don mai wucewa ya san gidan wane ne. Ko gidan tarihi na Bubu Hama da aka buɗe a 1959, ɗakunansa fari da shuɗi ne, da zane irin na ginin Hausa. Saboda haka launi a gida ba daga waje ya zo mana ba.

Farar ƙasa muna da ita tun asali, mata suna shafe ɗaki da ita. Amma ra'ayin nan na cewa ɗaki fari fat, babu komai a bango, shi ne alamar wayewa, wannan ta ofisoshi da gidajen ma'aikata na Filato ya shigo. Su ma Turawan ba su taɓa haɗa baki a kai ba. A 1925 Le Corbusier, ɗaya daga cikin manyan masu zanen ginin zamani, ya yi kira da kowa ya shafe ɗakinsa fari ya cire tarkace, amma a 1931 shi da kansa ya fitar da jerin launuka na takardar bango. A 1981 wasu masu zane a Milan, ƙarƙashin Ettore Sottsass, suka fito da kujeru da kabad masu launin alewa, suka sa wa ƙungiyarsu suna Memphis. Wasu suka ce sabon zamani ya zo, wasu suka ce hauka ne. Mai zanen gini Luis Barragán na Meksiko kuwa da bango ruwan hoda da rawaya ya yi suna, har ya karɓi lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini, a 1980. Gardamar da ake yi a gidanki ta girmi gidan nesa ba kusa ba.

Duk da haka akwai abin da idon tsohuwa ya hango, ko da ba ta kira shi da sunansa ba, kuma shi ne dai abin da maigida ke tsoro. A ɗakin da, launi a jikin kaya yake. Bango ruwan ƙasa ne ko farar ƙasa, daɓe ba ya sheƙi, rufi azara ce, haske kuma ta ƙofa ɗaya yake shigowa. Jeren nan shi kaɗai ke magana, sauran ɗakin ya yi masa shiru. Yanzu ki shiga falon zamani a Koira Kano ko Farankofoni: karo yana sheƙi har kina ganin fuskarki, istaf, wato adon filasta na rufi, hawa uku da ƴan fitilu masu canza launi, takardar bango mai zane a bayan talabijin, kujeru masu ruwan zinari daga Dubai ko Turkiyya, labule biyu-biyu da geza. A kan wannan duka ne ake son a ɗora bango tsanwa da kujera ruwan lemo. Ke da kanki ba kya ɗaura atamfa mai manyan furanni ki yafa mayafi mai wasu furannin, ki ƙara da ɗankwali mai ratsi. In atamfar ta cika ido, mayafi lafiyayye kike nema. Ɗaki ma haka yake so, kuma yawancin falon da mutane ke kushewa ba ƙarfin launinsu ne laifinsu ba, rashin wurin da ido zai huta ne.

Tunda surukarki mutuniyar Adar ce, ga misali daga jiharsu. A Dandaji, mai zanen gini Mariam Issoufou ta zana kasuwar da aka kammala a 2018. Rumfunan da tubalin ƙasa aka gina su, launin ƙasar wurin, sai aka kafa musu inuwa ta faifan ƙarfe zagayayyu masu launi iri-iri a sama. Launukan suna da ƙarfi sosai, amma ba wanda zai ce sun yi yawa, domin ƙasa da bango duk sun kwanta. Masallacin Yama ma, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 ya kuma ci lambar yabo ta gine-gine ta Aga Khan a 1986, kusan launi ɗaya ne gaba ɗayansa, adonsa a siffa yake da yadda inuwa ke faɗawa. Mutanen da suka gaji irin wannan ido ba ƙin ado suke ba. Awo suke nema.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, alhali shi ne gindin rigimar a gidaje da yawa. A tsarin gidan da, zaure na maigida ne, ɗaki na mace ne. Ba ya shiga harkar jerenta, ita ma ba ta shirya masa zaure. Falon zamani ya haɗe wuraren nan biyu. A nan yake karɓar abokan aikinsa da dattawan garinsu in sun zo Yamai, a nan kike karɓar ƙawayenki da ƴan biki. Da ya ce "ajin ƴan jardan", ba fenti yake gani ba, fuskar kawunsa yake hangowa a lokacin da zai zauna a kujera ruwan lemo ana maganar gado ko neman aure. Wannan damuwa ce ta gaske, kada ki ɗauke ta a matsayin ƙauyanci. In gidan falo biyu gare shi, an huta: nasa a bar masa yadda yake so, naki ki sake. In ɗaya ne, to na tarayya ne, kuma sai an yi ciniki. Ɗakin kwananki, kicin, lungun da ke kaiwa ɗakuna, wurin cin abinci, waɗannan ba mai hana ki. Ƙawaye kuwa, masu cewa a yi da masu cewa a bari, babu wadda za ta kwana a gidan.

Yanzu ga aikin kansa, kuma nan ne zan daɗe, don a nan ake asarar kuɗi.

Hoton da kika gani a waya da rana aka ɗauke shi, a ɗaki mai manyan tagogin gilashi, sau da yawa a ƙasar da ranarta ba ta da kaifi, sannan aka gyara shi kafin a saka. Falonki ba haka zai rayu ba. A Yamai, a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, tun hantsi ake rufe tagogi a saki labule. Ke nan yawancin lokacin da za ki zauna a falon, ƙwan lantarki ne zai nuna miki launin bangon, ba rana ba. Kuma ƙwan da ya cika kasuwa shi ne mai farin haske mai ɗan shuɗi-shuɗi, wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa. A ƙarƙashinsa ruwan lemo yakan dushe ya koma wani iri, tsanwa ta yi sanyi irin na asibiti, fuskar mutane ma ta yi fari-fari. Ki nemi mai 3000K, ko 4000K in maigida ba ya son haske mai ja-ja. Ki duba kuma wata lamba da ake rubutawa CRI ko Ra, wadda ke nuna yadda ƙwan ke fito da ainihin launin abu: kada ta gaza 80, in kin sami 90 ya fi. Ki sayi ƙwayayen kafin ki zaɓi fenti, ba bayan an gama ba.

Sannan farin bango yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, tsanwa ko shuɗi mai duhu kuwa bai kai kashi 20 ba. In kika shafe bango huɗu da launi mai duhu, sai kin ƙara fitilu kafin a iya karatu a ɗakin, ranar da aka ɗauke kuran kuma aka koma ga ƴar fitilar caji, ba za ki ga ko fuskar baƙonki ba.

Za a ce miki launi mai duhu yana sa ɗaki zafi. A cikin ɗaki, in dai rana ba ta dukan bangon kai tsaye, bambancin ba wani abin kirki ba ne. Zafi ta rufi yake shigowa, da bangon yamma, da taga. Launin waje ne ke da tasiri: kwano ko dal mai duhu, da bangon waje mai duhu, su ke shan rana su zuba miki ita cikin dare. Don haka waje a bar shi da haske. Amma ido yana da nasa lissafin. Mutumin da ya shigo daga ranar ƙarfe biyu, ya tarar da ja ko ruwan lemo ya cika ɗaki, zai ji kamar bai shigo inuwa ba. Tsanwa da shuɗi suna kwantar da ido a ƙasa irin tamu, shi ya sa a cikin ukunki tsanwar na zaɓa ta zama babba.

Sai ƙura. Daga hunturu har zuwa iskar da ke share fagen damina, ƙurar Yamai ja-ja ce, kuma ba ta jin rufe taga. A farin bango tana fitowa a daidai inda hannu ke taɓawa, gefen makunnin wuta da bakin ƙofa. A bango mai duhu marar sheƙi kuwa takan kwanta kamar hoda, in an goge da tsumma sai sawun tsumman ya zauna. Fom, wato fentin ruwa marar sheƙi na yau da kullum, ba ya jure wanki. Bango mai launi yana son fentin ruwa mai kyau, akirilik mai ɗan sheƙi kaɗan, wanda masu sayarwa ke kira satine, don shi ana sa masa jiƙaƙƙen soso ya fita tas. Kada ki wuce nan zuwa mai sheƙi sosai: duk wani tudu da kwari da maso ya bari a shafe zai tona shi, musamman in hasken taga ya bi ta gefen bangon. Launi mai ƙarfi ba ya rufa wa mugun shafe asiri. Sai an yi anduwi, wato shafen da ke daidaita fuskar bango, an goge da takarda mai yashi, an shafa tafin hannu an ji sumul, kafin a buɗe bokitin fenti.

Sabon shafen siminti kuma a ba shi aƙalla mako huɗu ya bushe. Siminti ɗanye yana da kaifi irin na kanwa, yana cin wasu launuka su yi dabbare-dabbare, fentin mai kuwa yakan sa shi ya yi danƙo ya ɓare. Bayan ya bushe a yi shafin farko, wanda masu fenti ke kira impiresiyon. Da yawa suna tsallake shi in ba a tsaya a kansu ba. Ki duba gindin bango ma. In kin ga wani farin gari kamar gishiri yana fitowa, ko fenti yana kumbura a ƙasa-ƙasa, laima ce ke hawowa daga tushe, kuma ba fentin da zai zauna a wurin sai an magance ta. A farin bango wannan ciwo yana ɗan ɓuya, a kan tsanwa mai duhu kuwa daga bakin ƙofa za a hango shi.

Ga inda aka fi faɗawa rami. Al'adar yawancin masu fentinmu ita ce a je Katako a sayo farin fom da ƴan kwalaben kala, a zo a haɗa a bokiti da ido, ana ɗigawa ana juyawa da sanda har mai gida ya ce ya yi. In ruwan madara ko ruwan bula mai haske ake so, wannan ba laifi. Launi mai zurfi ba ya samuwa ta haka. Farin da ke cikin fentin yana danne kalar, sai a yi ta ƙarawa har ta fi ƙarfin abin da ke riƙe fentin a bango. An taɓa kira na wani gida a Yantala inda aka yi wa falo ja ta wannan hanya. Daga nesa ba laifi. Da na matsa na shafa yatsa sai ya fito jawur kamar na taɓa jan alli. A bayan doguwar kujera, daidai inda kawunan mutane ke jingina, akwai tabo uku masu haske a jere, fentin ya bi huluna da ɗankwalaye ya tafi. Matar gidan ta ɗauko mini farar shaddar mijinta, kafaɗar ta zama ruwan hoda. Bangon hagu kuma ya fi na dama duhu, don bokiti na farko ya ƙare a tsakiyar aiki, na biyu bai zo daidai ba. Sai da aka wanke bangon aka kankare aka sake daga farko, kuɗi biyu ke nan. Araha ba ta ado.

Saboda haka launi mai ƙarfi a saye shi a haɗe daga masana'anta, ko a shagon da ke haɗawa da na'ura, inda kowane launi ke da lambarsa. In gwangwani ya fi ɗaya, a juye su wuri guda a gauraya kafin a fara. A sa ido kan ruwan da ake ƙarawa: abin da aka rubuta a jikin gwangwani shi za a bi, ba abin da zai sa fentin ya "yi auki" ba. Ki sani kuma ja da rawaya da ruwan lemo ba sa rufe bango da wuri, sau da yawa sai shafi uku, tsanwa da shuɗi sun fi su kamawa. Ja da rawaya da ruwan lemon ne kuma, tare da ruwan hoda da shunayya, suka fi saurin koɗewa inda rana ke taɓawa, musamman ta tagar yamma. Launukan da suka yi kama da ƙasa, irin jar ƙasa da ruwan makuba da rawaya mai duhu, sun fi kowanne jure rana.

Magana ta gaba ta fi duk abin da na faɗa nauyi, in akwai yara a gidan ko ana sa ran su. A ƙasashen Afirka da dama an gwada fentin mai da ake sayarwa a kasuwa, an sami dalma mai yawa a cikin wasu, kuma launukan da suka fi ɗauke da ita su ne rawaya, ruwan lemo, ja da tsanwa, wato dai launukan da kike so. Dalili shi ne akwai sinadaran dalma masu ba da rawaya da ruwan lemo masu haske a kan kuɗi kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya suna neman kada dalma a fenti ta wuce kashi 90 cikin miliyan, kuma sun ce babu wani adadinta da ba ya cutar da yaro. Ba ranar shafawa take illa ba. Sai fentin ya tsufa ya fara zuba, ko an kankare shi, ƙurar ta sauka a ƙasa, yaro mai rarrafe ya kai hannu baki. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Fentin ruwa ba a cika samun wannan matsala a cikinsa ba. To bango dai na ruwa za a yi. Ƙofofi da tagogin ƙarfe da ake wa fentin mai, a nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa babu dalma, a guji na awo da ake zubawa a gwangwanin da ba shi da suna. Gadon yara da kayan wasansu kada fentin mai na kasuwa ya taɓa su sam.

Wani abu kuma da masu ado na intanet ba za su faɗa miki ba, don ba su san da shi ba: a falonmu ana sallah. Ya zo a Bukhari cewa Annabi (SAW) ya sa Nana A'isha ta kawar da wani labule mai zane saboda zanen yana gitta masa a cikin sallah. Hukunci na malamai ne, ni dai abin da nake yi a aiki shi ne in bar bangon gabas lafiyayye, ba zane, ba launi mai fizgar ido, ba madubi. In kika faɗa wa Hajiya babba cewa kin yi wannan tunanin, ina jin rabin gardamar ta ƙare.

To ga abin da zan yi da a ce ni aka ba falon. Bango uku ruwan madara mai ɗan ƙasa-ƙasa, ba fari fat ba, don ya haɗiye ƙura. Maigida ya sami abin da ya nema. Bango ɗaya tsanwa, wanda ke bayan doguwar kujera, muddin ba shi ne na gabas ba kuma ba shi ke da babbar taga ba, domin bangon da taga ke jikinsa kullum a inuwa yake, launinsa ba ya fitowa. Tsanwar kuma ba shar ba. Launi yana ƙara ƙarfi in ya bazu a babban wuri, abin da kika gani a ƴar takardar zaɓi ya burge ki zai ninka a bango mai tsawon mita 5. Ki zaɓi wanda kike so, sannan ki sauka zuwa ɗan'uwansa da ya fi shi duhu da ɗan toka-toka, irin ganyen mangwaro da ya ƙosa. Istaf fari, ƴan fitilun nan masu canza launi a bar wa gidan biki. Karo in ba a riga an sa ba, ruwan yashi marar sheƙi. Labule lafiyayye, kusa da launin bango ukun.

Kujeru ruwan lemo kuwa ban goyi baya ba, kuma dalilina na aljihu ne. Bangon da ke da mita 5 a tsawo da 3 a tsayi murabba'in mita 15 ne. Lita ɗaya ta fenti mai kyau tana shafe kusan murabba'in mita 10 a shafi ɗaya, ke nan lita 3 zuwa 5 sun gama miki bangon. In bayan shekara kin gaji da shi, aikin kwana biyu ne a mayar da shi, ko da yake rufe duhu da haske yana cin ƙarin shafi. Saitin kujeru fa? Shi ne abu mafi tsada a falon, kuma shekaru za ki yi da shi kina so ba kya so. A sa masa launin da ba ya gundura, ruwan ƙasa, ruwan zuma ko ruwan toka mai ɗumi. Ruwan lemon ya shigo ta matasai, da tumtum na fata irin wanda masu sana'ar hannu ke ɗinkawa a Wadata da cikin gidan tarihi, ko kujera guda ɗaya tilo a kusurwa in ranki ya nace. Ruwan ɗorawa kuma ɗan kaɗan, a faifai biyu-uku da aka kafa a bangon tsanwar, ko a ratsin darduma. Masu wannan sana'a suna da wani awo da suke kira 60-30-10: kashi 60 launi mai kwanciya, 30 na biyu, 10 mai ƙara. Ba doka ba ce, ni ma ina karya ta in ɗaki ya ba da dama, amma ga wadda za ta fara, tana hana ɓarna. Ki lura dai duk launukanki uku suna nan, ba wanda na kora.

Kafin ki sayi komai da yawa, ki sayi ƙaramin gwangwani, a shafa wa falanki mai faɗin mita ɗaya shafi biyu, a jingina shi a bangon da ake nufi. A ajiye karo ɗaya a gabansa da ƙyallen kujera da na labule. Ki dube shi da safe, ki dube shi da la'asar, ki dube shi da dare a hasken ƙwan da kika saya. Kada ki kira maigida ki ce ya yanke hukunci a tsaye. Ki bar falankin a wurin kwana uku ko huɗu yana wucewa yana gani. Gani ya kori ji, kuma sau tari mutumin da ya ƙi "bango kore" a baki, abin da ya ƙi shi ne koren da ya zana a ransa, ba wanda ke gabansa ba. In bayan haka ya ce a'a har yanzu, a kai tsanwar wurin cin abinci ko lungu, falo ya samu launinsa ta kaya, yadda ɗakin surukarki ya samu nasa.

In an gama aiki, ki sa a rage miki kamar lita ɗaya a gwangwani mai murfi sosai, a rubuta sunan kamfani da lambar launin a jikinsa, a ajiye shi inda rana ba ta kaiwa. Ranar da za a shigo da kujeru sai an ƙwarzane bangon nan, kuma launi mai zurfi ba a yi masa faci da wanda aka haɗa da ido.